Makubar Bangon Gabas

Bana ruwa ya yi jinkiri. Lokacin da muka saba ganin gero ya rufe idon sawu ya zo ya wuce, gonakin hanyar Garu suna nan a bushe, manoma suna zaune gindin itace suna kallon gabas. Ran nan jikata Rifkatu ta sayo ɗorawa wajen matan ƙauyen Tumbutu, ta zauna ƙofar ɗakina tana sha tana jefar da ɓawon cikin kwata. Ban ankara ba sai na tsinci kaina a duƙe ina tsincewa.

"Kaka, mi za ki yi da shara?" in ji ta.

Ba abin da zan yi da shi. Gidanmu na siminti ne yanzu, majami'armu ma ta siminti ce, kuma abin da ake gardama a kai kowace Lahadi shi ne ko za a ƙara fanka. Hannuna ne bai manta ba. A da ɓawon ɗorawa ba shara ba ne. Shanya shi ake yi a daka, a jiƙa har ruwan ya yi ja ya yi duhu, a kwaɓa laka da shi a yaɓe bango. Shi ake kira makuba. Bangon da ya sha makuba ruwan sama zamewa yake yi a kansa, wanda bai sha ba kuwa tsotsewa yake har ya jiƙe.

Shekarar da na tuna ta haura talatin. Mun zo Malanbil daga wajen Dogon Dutsi, ni da maigidana Ishaya, wanda nake kira Baban Dauda. Yana aikin fadamar shinkafa, in babu ya yi dakon albasa a kasuwa. Wani Alhaji mai sayen albasa ya ara mana fili a bayan gidansa, muka yi ɗaki ɗaya na ƙasa da rufin bunu. 'Ya'yanmu biyu a lokacin, Dauda yana gudu, Hannatu tana goye.

Majami'ar tana kan ɗan tudu a bakin gari, ginin ƙasa da tsohon kwano. Yawancin masu zuwa mutanen kudu ne da aiki ya kawo, malaman lakwal, wato makarantar boko, 'yan duwan masu karɓar kuɗin fito a kan iyaka, jandarmomi, direbobi. Mu Hausawa ba mu taka kara mun karya ba. Tun ranar da aka gama ginin aka raba bangaye huɗu tsakanin gidaje, kowa ya san wanda zai yaɓe kafin damina. Bangon gabas shi ne wanda kowa ke gudu, don daga can ruwa ke tasowa da iska ya yi ta dukansa. Baban Dauda ya ɗauka shi da wani ɗan garinmu. Ɗan garinmu ya koma gida, bangon ya zama nasa shi kaɗai.

Shi ne kuma mai karanta mana Littafi Mai Tsarki da Hausa a sujada. Bai shiga lakwal ba, a littafin nan ya koyi karatu, yana bin layi da yatsa. Tsohon fastonmu yana jin Hausa. Da aka canza shi aka kawo wani saurayi daga kudu, mutumin kirki ne, amma Faransanci da yaren Fon kaɗai yake ji. Dattawa suka ga sujada tana tsawo da harshe uku, suka yanke a cire Hausa tunda mu kaɗan ne. Ba wanda ya tuna ya gaya wa Baban Dauda. Ran Lahadi ya miƙe da littafinsa a hannu, ya gyara murya, Fasto ya ɗaga masa hannu alamar ya zauna. Ya zauna. Ya jira aka gama, ya fita, bai sake taka cikin ɗakin nan ba.

Mutum ne da ba ya faɗa. Da ya yi faɗa da an ba shi haƙuri an wuce wurin. Ran Lahadi sai ya yi wanka ya sa rigarsa mai kyau, ya zauna gindin dogon yaro a ƙofar gida yana karatunsa shi kaɗai. Ni kuwa in goya Hannatu in ja Dauda mu tafi. Ni ma ba jin wa'azin nake ba. Amma akwai Maman Kojo, matar wani ɗan duwan, ƙatuwar mace mai ƙatuwar murya, wadda Hausarta ba ta wuce sannu da nawa ne ba. Ita ke karɓar mini Hannatu in ta yi rigima, ita ta zauna da ni kwana da kwanaki lokacin da na yi ɓari. Da hannu muke hira da ɗan guntun Dandanci. Ban ga yadda zan daina zuwa wurin da take ba.

Abin da ke damuna ba na ɓoyewa. Tsoro nake kada mutumin nan ya tsufa a gindin dogon yaro, ya mutu a can, a rasa wanda zai ce namu ne. Dauda ya fara tambaya me ya sa shi zai je Baba ba ya zuwa.

Daminar da ta gabata ba ta yi ba, don haka bazara ta same mu da rumbu fayau. Zafi ya yi zafi har kwalta a hanyar gada tana kama takalmi. Albasa ta ƙare da wuri, dako ya yi wuya. Da safe kunun dusa nake damawa, tsararo, in zuba garin ɗorawa don ya yi zaƙi ya riƙe ciki. Da rana kowa ya nemi inuwa ya kwanta, don mai barci ba ya tambayar abinci. Da yamma in an samu garin rogo a jiƙa, a haɗa da ganyen da aka samu. Maƙwabciyarmu Inna Hawwa, 'yar Dandi ce matar masunci, ita ta koya mini cin bado. Ta kan kawo mini saiwarsa daga gulbi a bakin zane, baƙa ƙirin, a dafa a ɓare. Ba daɗi ba ɗaci, ciki dai ya yi shiru.

Ɗorawa ita ta riƙe yara a shekarar. Bakin Dauda kullum rawaya ne, har kashinsa. Ni kuwa ba ɓawo ɗaya da na bari ya faɗi ƙasa. Na tsinci na gidanmu, na tsinci na gidan Inna Hawwa, ran kasuwa in bi rumfunan matan Tumbutu da yamma ina kwasar abin da aka zubar. Ina da dalili. Bangon gabas na ɗakinmu ya tsage tun daga sama har kusan tsakiya, da rana ina ganin haske ta wurin. Na shanya ɓawon a kan rufi, na daka shi kaɗan-kaɗan da ƙarfin da babu, na ɗure a buhu. Da na duba abin da na tara, na san zai ishi bango ɗaya. Bango ɗaya nake buƙata.

Aka sanar a majami'a cewa Asabar mai zuwa ranar yaɓe ce. Ban ma gaya wa Baban Dauda ba, me zan gaya wa wanda ba ya zuwa. Ashe ya ji a kasuwa. Ran Laraba da safe na fito daga kewaye na gan shi ya ɗora buhuna a ka.

"Baban Dauda, ina za ka da shi?"

"Eglis."

"Wace eglis? Wadda ba ka shiga?"

"Shiga daban, yaɓe daban," in ji shi. "Karatu anka raba ni da shi. Ba wanda ya raba ni da bango."

"To namu bangon hwa? Ka ga tsagar ga ko ba ka gani ba? Ni na tara abin ga, da yunwa na daka shi."

"Na sani."

"Ka sani, kuma ka ɗauka."

"In ban yaɓe shi ba, ba mai yaɓe shi. Namu ina yi mai dabara."

Ya fita da buhun. Na bi shi da ido har ya sha kwana, ina jin kamar in ɗauki taɓarya. Inna Hawwa tana leƙe ta kan danga, ta ji komai. Ta ce mini da Hausarta, "Namiji duk ɗaya na, ko na masallaci ko na eglis." Ko dariya ban yi mata ba.

Laka ba a kwaɓa ta yau a yaɓa yau. Sai an haƙo jar ƙasa, a zuba ruwa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa. Shi kaɗai ya yi wannan, yana ɗebo ruwa daga rijiyar bakin kasuwa da garwa biyu a kafaɗa, cikinsa ba komai sai kunun dusa. Na rantse ba zan ɗauko masa ko ludayi ɗaya ba. Ran Juma'a na hango shi daga nesa ya ajiye garwa ya dafa gwiwa ya daɗe a haka. Na koma gida na ɗauko tulu. Na zuba ruwa na koma.

Ran Asabar kowa ya fito. Malaman lakwal sun naɗe wando, matan suna jigilar laka a kwanuka, yara suna ta tsalle cikin kwaɓi. Wurin ya cika da waƙa da ihu. A gefen gabas kuwa Baban Dauda ne a kan tsani, ni ina miƙa masa laka daga ƙasa. Yana farawa daga sama, ya mara laka da tafin hannu, ya shafe, ya sauko. Ruwan makuba ya rina mana hannu har gwiwar hannu, warinsa kamar na majema. Fasto ya zagayo ya gaishe shi da Faransanci, ya amsa da kai bai daina shafa ba. Da rana ta take aka shiga ciki shan inuwa, Maman Kojo ta jiƙa garin rogo da sukari a babbar roba. Kowa ya shiga ban da shi. Ya zauna a gindin bangon da ko inuwa babu. Maman Kojo ta fito da kofi cike ta tsaya a kansa, ta riƙe ƙugu tana zuba masa yaren Fon, ba ta tafi ba sai da ya shanye.

Namu bangon ya yi masa dabarar da ya ce. Ya cusa tsumma da duwatsu a tsagar, ya yaɓe da laka da kashin shanu. Ya yi kyau a ido.

Ruwa ya sauka a makare, amma da ya zo bai yi wasa ba. Muka shuka gero a gonar aro wajen hanyar Tumbutu. Wannan ne lokacin da yunwa ta fi cizo, ga kore ko'ina, ga aiki, ga babu abin sawa a baki. Tafasa ta fito muka koma kanta, safe da yamma, har yara suka daina gane ɗanɗanonta. Ina noma Hannatu na baya, nono ba ya zuwa sosai, tana tsotsa tana kuka. Duk da haka in hadari ya taso daga gabas, iska ta kawo ƙamshin ƙasa, sai ran mutum ya yi sanyi.

Sai marka ta kama. Ruwa ba mai ƙarfi ba, amma ba ya ɗaukewa. A wayi gari da shi, a wuni da shi. Itace ya jiƙe, in na hura wuta hayaƙi kawai nake sha. Zanen goyo ba ya bushewa, tabarma ta yi funfuna, kwaɗi suka shigo har ƙarƙashin gado. Gulbi ya cika ya yi ja, yana tafe da ciyawa da rassan itace, masu jirgi suka daina ƙetarewa. A unguwarmu kullum sai ka ji an ce ɗakin wane ya faɗi.

Ina kallon bangonmu yana canza launi. Ya yi duhu daga ƙasa, duhun yana hawa. In na dafa shi sai in ji shi da taushi kamar tuwon da ya kwana. Na nuna wa Baban Dauda, ya tokare shi da itace daga ciki, ya ce in Allah ya so rana za ta fito. Ran wata Juma'a wajen azahar yana gona, na ji ƙasa tana zubowa kaɗan-kaɗan a kan kwanukana. Na kwashi yara na kai zauren Inna Hawwa. Na dawo ɗaukar tukunya, ina ƙofa, bangon ya zauna. Ko ƙara mai yawa bai yi ba. Rufin ya biyo shi ya kwanta a kan gadonmu.

Da ya dawo ya tsaya cikin ruwa da fartanya a kafaɗa yana kallo. Ni ina tsaye da tukunya a hannu. Na daɗe ina shirya abin da zan faɗa masa in wannan rana ta zo, amma abin da ya fito kaɗan ne.

"Tahi ka gaya ma bangonka shi ba mu wurin kwana."

Ya ajiye fartanya ya fara janye bunu yana fiddo abin da zai fitu.

Inna Hawwa ta ce mu zauna wurinta, amma ɗakinta ma yoyo yake, su bakwai a ciki. Muna cikin haka sai ga Fasto, wando a naɗe, ba takalmi, laka har gwiwa. Ban san wanda ya gaya masa ba. Ya dubi ɗakin, ya dube mu, ya faɗi kalma ɗaya da Dandanci, ku zo. Ya sunkuya ya ɗauki ƙunshin kayana ya ɗora a kansa ya kama hanya. Na goya Hannatu na ja Dauda na bi shi.

A majami'a mun tarar da wasu gidaje biyu sun riga mu, an ture bencina gefe. Na shimfiɗa tabarma a gindin bangon gabas, ba don komai ba, nan ne ya rage. Baban Dauda ya yi ta jigilar kaya, turmi, tulu, buhun tsummoki. Kowane ya kawo sai ya tsaya a bakin ƙofa ya miƙo, in karɓa. Ƙafarsa ba ta ƙetare dokin ƙofa ba. Da ya gama ya ce zai koma ya tsare abin da ya saura. Abin da ya saura bango biyu ne da rabi. A can ya kwana, ƙarƙashin tabarmar da ya tokare da sanda.

Washegari da la'asar ruwa ya ƙaru, iska tana jifa da shi daga gabas. Ina zaune na jingina, ina jin dukansa a bayana ta cikin bango, amma bayana a bushe. Ta taga na hango Baban Dauda yana zagaya ginin, riga ta manne masa a jiki, haƙoransa suna haɗuwa. Yana dafa bangon nan da can, ya matsa gaba ya sake dafawa. Haushinsa nake ji har wuya, kuma tausayinsa ya hana ni zama. Na san in na ce ya shigo don sanyi ba zai shigo ba. In na ce don Allah ma ba zai shigo ba, zai ce Allah na waje. Na je bakin ƙofa.

"Daga waje kaka za ka gane ko ya sha ruwa? Ko'ina jiƙe ya ke. Akwai wuri can kusurwa da ban yarda da shi ba."

Ya dube ni. Ya san abin da nake yi, na san ya sani. Ya tsaya ruwa na zuba a kansa, sannan ya kakkaɓe ƙafa ya shigo. Ya bi bangon da tafin hannu tun daga wannan kusurwa har waccan, a hankali, kamar mai duba doki. A kusurwar kuwa da gaske akwai ɗan danshi, faɗin tafin hannu. Ya ce baɗi sai an ƙara wa wurin. Na miƙa masa busasshen zane, ya yafa, ya zauna a kan tabarma. Dauda ya zo ya hau cinyarsa.

Ran Lahadi da safe muka naɗe tabarmi, muka tura turmi da tukwane bayan ƙofa, aka mayar da bencina. Mutane suka fara shigowa da lema da buhu a ka. Ina satar kallonsa in ga ko zai tashi. Rigarsa mai kyau tana ƙarƙashin ƙasa a gida, wadda ya noma da ita ce a jikinsa. Bai tashi ba. Ya zauna a ƙarshen benci, kafaɗarsa na taɓa bango.

Ba abin da aka canza saboda shi. Aka yi waƙa da yaren Fon, aka yi karatu da Faransanci, Fasto ya yi wa'azi mai tsawo, ruwa na kiɗa a kan kwano har ba a jin rabinsa. Hausa ba ta dawo cikin sujadarmu ba sai bayan shekaru, lokacin idon Baban Dauda ya riga ya daina ganin layi. Ranar dai ya zauna bai ji komai ba sai sunan Yesu in an ambata.

Al'adarmu ce bayan wa'azi a yi shiru, duk mai addu'a a ransa ya tashi ya yi da ƙarfi. Wani malami ya yi, wata mata ta yi. Sai na ji benci ya motsa. Baban Dauda ya miƙe, ya haɗa hannuwan nan da makuba ba ta gama fita daga farcensu ba, ya yi da Hausa.

"Ubangiji, ka san ni, ba sai na hwaɗa maka ba. Na yi hushi da gidanka, ga shi cikin gidanka nika kwana. Ka ɗauke muna ruwan ga kwana kaɗan. Ba duka ba, gero na so. Kwana kaɗan dai, in samu in tada ma uwar Dauda ɗaki. Ita ta tara makuba, ni na ɗauke. Ka sanyaya mata zuciya, don ni ban san yadda za ni yi ba. Cikin sunan Yesu."

Ɗakin ya amsa gaba ɗaya. Amin ɗin Maman Kojo ya fi na kowa ƙarfi, ita da ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Ni da na ji duka, sai da kowa ya zauna sannan na samu na ce nawa.